Goɗiyar da Aka Ba Mu Sadaka

Kai Nafi'u, ajiye wayar nan ka dube ni. Tun da aka sauko Juma'a kake bi na, wai in yi maka hanya a mai da iƙamarka, takardar zamanka ta ƙasar nan, wurin aikinmu, ka gaji da raba abinci a kan babur cikin ranar Riyad. Wannan ban ga laifinka ba, rana ce da ba ta san ɗan kowa ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne da na jiyo kana gaya wa abokan nan naka wai aikin Baba Haladu ai hutu ne: ka riƙe igiya, ka zaga fili da tsohon doki, yaro mai lalura yana bisa yana dariya, wata ya mutu ka karɓi albashi. Lallai ma yaron nan! To ku matso dukanku, shayin ba gudu zai yi ba.

Ni da kuke gani, aikin farko da aka ba ni a barga kwasar kashi ne. Daga Kazaure na zo, ban san komai na dabba ba in ban da jakin babanmu. Kafil ɗina, wato wanda ya tsaya min na shigo ƙasar, ya ɗauko ni daga filin jirgi ya zube ni a bargar wani mai dawakin tsere. Lokacin a nan unguwar Malaz ake sukuwa, kafin a mai da filin wurin shan iska. Wanda aka damƙa ni a hannunsa wani dattijo ne Basudane, Ammu Siddiƙ, dogo siriri, ba ya yi wa kowa dariya sai doki. Ya miƙo min shebur da baro. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ko gezar doki ban taɓa ba. Ran da na ƙosa na ce masa ni fa doki na zo koya, sai ya ce, "Me kashin jiya ya gaya maka?" Na ce kashi magana yake yi? Ya ce, "To koma." Ashe daga nan ake gane wanda cikinsa ya ɗaure, da wanda bai sha ruwa ba, da wanda sha'ir ya yi wa yawa. Bayan kashi ya koya min kunne, don doki da kunne yake faɗin abin da zai yi kafin ya yi. Bayan kunne sai kofato, yadda za ka ɗaga ƙafa ka tsone tsakuwa da ƙugiya ba tare da ka sa kanka inda za a harbe ka ba. Sai da na iya waɗannan kana ya ba ni ragama.

Da tsufa ya kama shi zai koma gida, shi ya haɗa ni da inda nake yanzu: 'yar bargar wata ƙungiyar taimako ce, can arewa da gari wajen hanyar filin jirgi, inda ake ɗora yara masu lalura a kan doki don magani. Na je da taƙamata, ni mai dawakin tsere. Ranar farko likitar gashin ƙashi da ke wurin, Daktora Rim, 'yar ƙasar ce, ta karya min taƙamar. Ta ɗora wani yaro da bai taɓa taka ƙasa ba, ta ce in bi bayan dokin in kalli ƙugun yaron kawai. Wallahi sai na ga ƙugun yana juyawa dama da hagu, gaba da baya, daidai yadda na mai tafiya da ƙafarsa ke yi. Ta ce wannan shi ne maganin: dokin ke yin tafiyar, jikin yaron yana koya. Shi ya sa yawanci ba ma sa sirdi. Shimfiɗa ce mai laushi da ɗamara mai mariƙi biyu, don ɗumin dokin ya ratsa cinyar yaro ya sassauta jijiyar da ta ɗaure.

To a nan duk abin da na koya a tsere sai da na juya shi. Can wuta ake nema a doki. Nan kuwa so ake a sami wanda za a yi masa ihu a kunne, a fizgi gezarsa, a zuba masa yawu a wuya, sandar guragu ta faɗi ƙarƙashin cikinsa, shi ko gezau. Kuma kada ya zama rago mai jan ƙafa, don in takunsa ya mutu maganin ya mutu. Ku je ku nemo min irin wannan dokin a kasuwa in kun isa.

In kuma kai ne mai jan dokin, wanda kake ce wa ɗan hutu, ba ka da ikon waiwayawa ka kalli yaron. Idonka na kan kunnen doki da ƙasar da zai taka. Yaron na hannun Daktora da masu tafe a gefe, kai da kunne kawai kake jin sa. Igiya ba a ɗame ba, ba a sake ba. In ka ja da ƙarfi doki ya ɗaga kai, bayansa ya sandare, yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ya tafi. In za ka juya kwana, sai ka buɗe ta da faɗi, don juyi ƙarami na zamar da mai raunin ƙugu. Mafi wuya kuwa wurin hawa. Akwai wani dandamali mai gangare da ake tura keken yaro a hau da shi, a shigo da doki ya tsaya a jikinsa. Daga lokacin da aka ɗaga yaro daga keke har ya zauna, yana tsakanin sama da ƙasa ne, a hannun mutane. Doki ya matsa taku ɗaya a wannan lokacin, shi ke nan. Kai ne za ka tsaya gaban hancinsa, kana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ƙuda na cizonka a wuya ba ka isa ka kore shi ba.

Iyaye ba sa biyan ko sisi a wurinmu. Ciyawar barsim, sha'ir, mai gyaran kofato, likitan dabbobi, albashinmu, duk daga gudummawar mutane ne. Kowace shekara in sanyi ya shigo sai a yi hafla, wato taron masu bayarwa. A kafa tanti, a shimfiɗa darduma, gahwa da dabino su yi ta yawo, turaren wuta na bin manyan riguna. Mu kuma mu wanke dawaki mu taje su, a ɗora yara a zaga, masu hali su kalla, zuciya ta yi laushi, hannu ya buɗe. Ban raina ba, Allah ya saka musu, da su muke ci. Amma ga abin da na lura: kowa so yake ya ba da abin da za a iya tsayawa a gefensa a ɗauki hoto. Ba wanda ke son a ce shi ne ya sayi buhun sha'ir, alhali sha'ir ɗin ne ke kai mu wata shekarar.

A cikin dawakinmu biyar akwai wanda muke kira Shayib, tsoho ke nan da Larabcinsu. Kai, Allah ya yi mummunan doki a nan! Leɓe a sake, wuya dogo, ƙirji tsukakke, duk abincin da ka ba shi haƙarƙari na nan a lissafe. Ranar hafla mai hoto kullum sai ya ce a kai shi bayan tanti, kada baƙi su ce muna horar da dabba da yunwa. Amma shi kaɗai ne mai siririn baya a bargar nan. Sauran huɗun duk masu faɗi ne kamar tabarma. Kuma akwai yaran da faɗin nan ba ya yi musu.

Ɗaya daga cikinsu Hanan ce, 'yar Malam Sabi'u, wani Bakatsine da ke tuƙa wa wani gida mota a nan Malaz. A nan aka haife ta, lalurar tun daga haihuwa ce, ta ɗaure mata jijiyoyin cinya, ƙafafun suna son harɗewa kamar almakashi. Kanta kuwa sarai, baki ya fi na aku, sai dai Larabci ya fi zama a bakin, Hausar sai ta ɗan yi tuntuɓe. Da aka fara kawo ta, da kyar aka raba gwiwoyinta suka zauna a kan Shayib. A hankali, mako bi mako, ɗumin dokin da takunsa suka riƙa sakin jijiyar. Ta kai uwar tana iya yi mata wanka da tsarki ba tare da kuka ba, kuma duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan yaro ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta kai tana zama a miƙe ba a tallafe ta ba. Da an ɗora ta sai ta bugi wuyansa ta ce, "Yalla ya Shayib, imshi! Ammu Haladu, mu tafi mana!" Daktora ta sha gaya wa uban: yarinyar tana girma, ƙashi na ƙara tsawo, jijiya kuwa ba ta bin sa sai an yi ta ja. Muddin tana hawa, ana riƙe da abin. In aka tsaya, zai rufe.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. A wurin hafla wani attajiri, mutumin kirki, shi ne ma ya yi mana rufin fili da fankoki har yara suka sami hawa da zafi, ya ga yaran nan zuciyarsa ta karye. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya ba ƙungiya goɗiyarsa sadaka, tsantsar Balarabiya, mai takardar asali har kakan kakanni. Tanti ya ɗauki tafi da mashaAllah. Ni da Daktora muka dubi juna, ita ba ta tafa ba, ni ma ban tafa ba. Ɗakunan dawaki biyar ne, dawaki biyar ne.

Washegari na sami mudir ɗinmu, wato shugaban wurin, Ustaz Majid, a ofis. Na ce, "Ya ustaz, ina za mu sa ta?"

Ya ce, "Shayib zai je gonar wani ɗan ƙungiya wajen garin Kharj, na ɗan lokaci."

Na ce, "To Hanan fa? Da sauran masu ɗaurarriyar ƙafa?"

Ya ce, "Goɗiyar ma ai siririya ce. Ka koyar da ita."

Na ce, "Siririya ce, amma ko inuwarta ta gani zabura take. A gode wa mutumin nan, a ce ya riƙe mana ita a bargarsa tukuna."

Ya dafe kai. "Aib, abin kunya ne, ya Haladu! A mayar wa mutum kyautarsa? Wadda ya yi a gaban jama'a?"

"To a sayar, a sayi abinci."

"Aib!"

"To a gaya masa ya ƙara mana ɗaki ɗaya."

"Mutum ya ba ka goɗiya jiya, yau ka koma ka ce ƙaro? Aib."

Ku ji fa. Mayarwa abin kunya, sayarwa abin kunya, ajiyewa a wani wuri abin kunya don zai turo baƙinsa su gan ta, roƙon ɗaki abin kunya. Abu ɗaya ne kawai ba abin kunya ba, a raba yarinya da maganinta. Ba na cewa Ustaz Majid mugu ne. Shi yana hangen rufin nan ne, da abokan attajirin da za su biyo sawu, da yara da yawa da ke hawa masu faɗin bayan. Shayib kuwa 'yan kaɗan ne masu hawansa, ga tsufa, ga muni. Daktora ta shiga ta yi nata faɗan har ana jiyo ta daga barga, ita ma aka ce mata shwayya shwayya, wato a bi a hankali. Na ce to ni zan kafa rumfar kwano a bayan barga da hannuna. Aka ce sai baladiyya, hukumar gari, ta ba da izini, insha Allahu gobe. Goben nan har yau ba ta waye ba.

Na ɗora Shayib a mota da kaina. Bai ko yi gardama ba, shi da bai taɓa yi wa kowa gardama ba.

Muka gwada Hanan a kan mafi ƙarancin faɗi cikin huɗun. Yarinyar da ba ta cika kuka ba ta cije leɓe, hawaye na zuba, tana cewa ba komai a ci gaba. Daktora ta ce a sauke ta, wannan yaga jijiya zai yi. Aka koma yi mata gashi a kan tabarma, uwar na yi a gida safe da yamma. Yana taimakawa, amma ba ya kai na doki. Da zafi ya fara, Malam Sabi'u ya karɓi motar uban gidansa ran wata Juma'a muka nufi Kharj, mu roƙa ko a can ne a riƙa kai ta tana hawa. Muka tarar da mai gadin gonar, ya ce ai dokin ba ya aikin komai sai ci, an ba da shi ga wasu masu ba 'yan shan iska hayar dawaki a sahara. Muka bi su. Suka ce sun sayar. Wanda ya saya ya sayar. Malam Sabi'u ya tsaya a bakin titi, sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri" yake ta maimaitawa. Ni kam ban iya cewa amin da ƙarfi ba, raina ya gama ɓaci.

Saura goɗiya. Gazala sunanta, kuma kada wanda ya zage ta a gabana, ba ita ta kawo kanta ba. Ran da ta fara ganin keken guragu ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ta fasa fitilar ɗaki da ka. Na ɗauko wani tsohon keke na ajiye nesa da inda take cin abinci, kullum in matso da shi kaɗan, har ta yarda ta ci barsim daga kan kujerarsa. Na rataya sanduna a ƙofarta suna karo da juna. Na ɗaura ledoji a shinge. Na jefa mata ƙwallo a gindi, a wuya, a ƙarƙashin ciki. Na cika buhu da yashi na ɗora mata a karkace, yadda yaro mara ƙarfin baya ke zama, in bar shi ya zame ya faɗi, har ta koyi cewa in abu ya faɗo daga bayanta tsayawa ake yi, ba gudu ba. Dandamalin hawa kaɗai ya ci mana watanni, don ta tsani a tsaya mata a sama da kai. Ga shaidarta nan a kafaɗata, ku duba, haƙoranta ne. Ustaz Majid ya riƙa leƙowa yana cewa, "Halas? An gama? Ta yi?" In ce ba ta yi ba. Duk son da nake Hanan ta hau, ba zan ɗora ɗan mutum a kan dabbar da ban gama yarda da ita ba.

Da hafla ta zagayo, aka sa na fito da Gazala an yi mata kwalliya, attajirin ya shafa wuyanta, aka yi ta hotuna. Shi ba ya matsuwa, mutane sun kewaye shi. Na samu wakilinsa a gefen tanti na zayyana masa komai, na ce don Allah ya isar, ko a sa a nemo Shayib, su masu dogon hannu ne. Ya saurare ni tsaf. Sannan ya ce, "So kake in je in gaya wa mai gida sadakarsa ta yi ɓarna? Ya akhi, ni ma ina da 'ya'ya." Ya miƙo min dabino. Abin da ke ci na har gobe shi ne, na tabbata da mutumin nan ya ji, da kafin sati ya gina ɗaki goma. Amma kowa ya gwammace ya tsare masa farin cikinsa. Garin gyaran gira aka rasa ido, shi kuwa har yau bai san an rasa ba.

Sai da sanyi na biyu ya kusa fita na ce wa Daktora goɗiya ta yi. Muka gwada ta da manya, muka gwada ta da yara masu sauƙin lalura. Wallahi takunta ya fi na Shayib, santsi kamar ana zuba mai. Na kira Malam Sabi'u da kaina na ce ya kawo Hanan.

Suka zo da la'asar. Ta yi tsawo, ta zama 'yar budurwa, an sa mata sabuwar hular kwano don tsohuwar ta matse ta. Tun daga mota take kiran "Ammu! Ammu! Wen Gazala? Ina take?" Uban ya tura keken ya hau gangaren. Na shigo da goɗiya, ta tsaya a jikin dandamali kamar an dasa ta. Na tsaya gaban hancinta, ban waiwaya ba, da kunne nake bin abin da ake yi. Na ji an kwance bel ɗin keke. Na ji Daktora ta ce bismillah, sun ɗaga. Na ji tana cewa, "Saki jikinki, habibti, saki, ja numfashi." Ta sake cewa, "Ƙara saki." Sai na ji wani ɗan ƙaramin sauti daga maƙogwaron yarinyar, irin na wanda ke danne ihu. Suka sauya hannu, suka gwada ta ɗaya gefen. Goɗiyar nan ko kunne ba ta motsa ba.

Can Daktora ta ce, "Halas, a bari. Mayar da ita kan keke."

Sai a lokacin na ɗaga kai. Gwiwoyin a manne suke, ɗaya kan ɗaya, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Daktora ta ja uban gefe tana yi masa maganar asibiti da tiyata, fuskarta a jiƙe. Ni kuwa ban san me fuskata ta nuna ba, ina dai riƙe da igiya ina huci. Hanan ta dube ni daga kan keken, ta zaci da goɗiyar nake fushi.

Ta ce, "Ammu, la tiz'al. Kar ka yi mata fushi, ita ta tsaya da kyau. Ƙafata ce ta ƙi."

Ta miƙa hannu ta shafi gezar. Uban ya juya keken ya sauko da ita da baya, a hankali, yadda ake saukowa daga gangaren. Yaron da ke bin ta a layi an riga an ɗaura masa hula, uwarsa na tura shi sama. Na ja Gazala muka zagayo, na sake tsayar da ita.